Mai Facin da Ya Ƙulle Famfo

Wata rana a Kanada, saura kwana biyu ƙanƙara ta sauko, Tanimu ya tsuguna gefen motarsa ya rasa abin da ke masa daɗi.

Irin motar nan ce mai gado da famfo da ɗan banɗaki a ciki. Turawa yawon shaƙatawa suke yi da ita. Shi kuwa bawan Allah, tun da aiki ya ƙare masa ita ce gidansa, wata bakwai cur.

Ba wanda ya sani. Ko matarsa ta kira daga Funtuwa, "Lafiya lau" kawai take ji.

A can, in sanyi ya kama, ruwan da ya kwanta cikin bututu daskarewa yake ya fasa shi. In ya fashe, ruwa ya jiƙe ɗakin, Tanimu ba shi da wurin kwana. Dole a hura iska a kore ruwan.

Ya aro injin iska, bakinsa ya ƙi shiga bututun. To amma fa shekara goma sha ɗaya ya yi yana faci a bakin tasha. Ya yanko bawul daga tsohuwar taya, ya huda murfin bakin bututun, ya cusa, ya ɗaure da roba tamau. Ko ɗan huci babu.

Sai halin sana'a ya motsa. Ya bi famfunan nan ya ƙulle kowanne, sannan ya kunna inji.

Bututu ya fara kuka.

Malam Hashimu, dattijon Damagaram mai injin, da ke tsaye a gefe, ya daka masa tsawa:

"Kai Tanimu! Taya kake cikawa? Buɗe famfo!"

"Baba, ai iskar za ta fita."

"To fitar ake so! In ka hana ta hanya, fasa maka za ta yi."

Ya ruga ya murɗa. Ruwa ya yi tsartuwa, ya yi tari, ya ƙare. Bututu ya yi shiru.

Tanimu ya daɗe yana kallon famfon. Wallahi sai ga hawaye.

"Baba... nan nake kwana."

Dattijon ya leƙa. Bargo biyu, buta, tukunya ɗaya.

"Wata nawa?"

"Bakwai."

"Kullum muna sahu ɗaya a masallaci! Ɗauko jakarka, mu tafi gida."

Darasi: Ba kowace damuwa ake ɗaurewa da roba ba. Ka buɗe baki ga mutum ɗaya tun kafin ta fasa ka.

Tura wa wancan abokin da kullum amsarsa "Lafiya lau". Kai ma ka san shi.