Kujerar Madam da Na Jiƙa a Kwami

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi lakwal ba, wato boko, ɗan abin da na iya a ajin yaƙi da jahilci na same shi bayan gemu ya fito. A shekarun da abin nan ya faru ni ba kowa ba ne illa makiyayin da ba shi da abin kiwo. Mutanen wajen Gidigir ne mu. Farin da aka yi a farkon shekarun saba'in ya share mana garke, na kwaso tsohuwata da matata da yara muka faɗo Gure da tabarma da tukunya. Na yi dako, na yi ban ruwa a garkar mutane cikin kwari, har Allah ya haɗa ni da wani Ba'amirke likitan dabbobi da aka kawo don aikin allurar shanu. Ya ɗauke ni gadi da shara, daga baya har da girki, ko da yake girkin nawa sai mai haƙuri. Aikin nan shi ne hatsin gidana. In ya tsaya, babu wani abu a bayansa.

Gidan da aka ba su na gwamnati ne, kayan cikinsa duk ƙarfe, gado da tebur da kujeru irin na buro, wato ofis. Abu ɗaya ne nasu na kansu, wata tsohuwar kujera mai lilo da suka sha wahalar kawowa tun daga ƙasarsu. Baƙa ce, ƙafafunta na tsaye a kan katako biyu masu lanƙwasa kamar baka, bayanta siraran sanduna a jere, a sama kuma wani faffaɗan allo da aka zana wa furanni da ganye da ruwan zinariya, duk sun dushe. Hannuwanta sun yi sumul sun yi ja saboda shafar mutane. Ranar da na fara ganinta na ce a raina, mutum da mato a ƙofar gida amma ya kasa sayen sabuwar kujera. Matarsa, wadda muke kira Madam, ita ta gaya mini da ƴar Hausarta ta tsince-tsince cewa kujerar ta kakar kakarta ce, an yi ta tun ƙasar tasu ba ta daɗe da samun ƴanci ba, kuma a kanta ake shayar da duk jaririn da aka haifa a ɗakinsu. Ta nuna mini cewa babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane komai ba.

Da cikin Madam ya tsufa sai aka kai ta Yamai ta haihu a can. Bazara ce, irin wadda ko ƙofar katako sai ta tsuke ta bar kafa. Kujerar nan ta bushe, ta fara kuka in an taɓa ta, hannun dama yana rawa, sandunan baya suna juyawa cikin raminsu. Na ga maigidan ya girgiza ta ya yi tsaki ya faɗi wata magana da yarensu, sannan ya fita turne, wato rangadin aiki, wajen Bune. Ni kuwa akwai abin da ke cina a rai. Mutanen nan sun yi mini alheri, da tsohuwata ta kwanta shi ya ɗauke ta a matonsa ya kai ta likita, ni ba ni da abin ramawa. Sai na ce ga dama ta samu. A wajenmu in ƙotar fartanya ta yi sako-sako ko gatari ya fara girgiɗi, ruwa ake sa shi ya kwana, itacen ya kumbura ya kama ƙarfen gam. Tun ina yaro haka nake gani, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Da na gaya wa matata abin da zan yi, ta tambaye ni ko an sa ni. Na ce ba a sa ni ba, ai alheri ba sai an sa mutum ba. Ta ce to Malam, kujerar anasara dai ba fartanya ba ce. Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta, me mace ta sani game da itace.

Bayan gidan akwai wani babban kwamin siminti da a da ake shayar da dawaki. Na cika shi da ruwan rijiya, kuma wanda ya san Gure ya san ruwan wasu rijiyoyinmu da kanwa. Na kwantar da kujerar a ciki. Ta ƙi nutsewa, tana tasowa kamar mai gardama, sai na samo duwatsu na danne ta. Na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Da safe na tarar ruwan ya yi baƙi, wani abu mai yauƙi na yawo a sama. Na janye duwatsun na kama hannun kujerar zan ɗaga, sai hannun kaɗai ya biyo ni. Na kama baya, sanduna suka zubo ɗaya-ɗaya. Ashe abin da ya riƙe ta tsawon zamanin nan wani irin danƙo ne da ruwa ke narkarwa, ni ban sani ba. Na tsamo faffaɗan allon nan na goge shi da gefen rigata don in ga furannin, sai furannin suka bi rigar. Wallahi na ga shanuna suna faɗuwa a gabana ban ji abin da na ji a bakin kwamin nan ba, don wancan daga Allah ne, wannan kuwa hannuna ne.

Rikicewa ta sa na ƙara wata ɓarnar. Na ɗaure sandunan kamar itacen girki na kai wa wani kafinta a kasuwa. Ya jujjuya su ya yi dariya, ya ce wai anasara da duk wayonsu sun manta da ƙusa, bari ya nuna musu aiki. Ƙusar farko da ya buga, ƙafar gaba ta tsage tun daga sama har ƙasa. Na ƙwace kayana. Ya bi ni da shawara, ya ce in ƙone sauran in ce ɓarayi ne, ko in ce gara ce, ai anasara ba su san gara ba. Na ce mutumin da ke kwana a daji da shanu ne bai san gara ba? Ya ce to abokina, akwai ayarin kanwa da ke shirin gangarawa Najeriya, ka san inda suke sauka.

Ba zan ɓoye muku ba, na naɗe tabarmata. Matata ta same ni ina ɗaure ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Ta ce in zan tafi in ɗauki tsohuwata a wuya in tafi da ita, don ba za ta zauna tana yi wa mutane bayanin inda ɗanta ya shiga ba. Ta ce yanzu sunana mai ɓarna, in na gudu sunana ɓarawo, kuma yaran nan da sunan za su girma a garin da ba namu ba. Na ce maigidan korata zai yi. Ta ce ya kore ka kana tsaye mana, kai da ka ce ka san itace. Maganar ta yi mini zafi, amma na kwance tabarmar.

Ranar da maigidan ya dawo, da rana tsaka, na shimfiɗa tabarma a tsakar falo na jera sassan kujerar a kai kamar naman watanda, na durƙusa a gefe. Ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa yana yi mini sannu da gida, sai maganar ta tsaya masa a baki. Na faɗa masa komai, har da kafinta. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa, ya ɗauki allon nan ya daɗe yana kallon inda furannin suke a da, ya shiga ɗaki da shi ya rufe ƙofa. Kwanakin da suka biyo baya bai ce mini tafi ba, bai ce mini zauna ba. Nakan zo in yi shara in dafa abinci in ajiye, wani lokaci in ɗauke shi yadda na ajiye. Kullum in na koma gida tsohuwata sai ta dubi fuskata, ba ta tambaya.

Wata safiya ya kira ni, ya ce abu ɗaya yake so ya sani, me ya sa ruwa. Hausarsa ba ta isa ba, Faransancina babu, sai na ɗauko fartanya na girgiza masa ƙotar, na nuna kwami. Sai ya yi wata ƴar dariya marar daɗi, ya ce ubansa ma manomi ne, kuma haka yake yi wa gatarinsa. Ya ce kujerar ba tasa ba ce, ta Madam ce, saboda haka zamana ko tafiyata a bakinta yake. Amma kafin ya je ɗauko ta, in ina so, mu gwada tayar da abin da na kayar. Ya ce danƙon nan da fatar saniya ake yin sa, ya ga yadda ake dafa shi yana yaro. Na ce in dai fata ce, a ƙasar nan bayan fari ba abin da ya fi ta yawa.

Na samo busasshiyar fata, na kankare gashin, muka yayyanka ta ƙanana muka jiƙa, muka yi ta dafawa a ƙaramar wuta har ta zama kamar kunun da ya kwana. Warin kuwa ba a magana. Matata ta ce in riƙa wanka a rijiya kafin in shigo mata ɗaki, ita ba majemi ta aura ba. Tukunyar farko ta ƙone, ta biyu ta yi ruwa. Sandunan muka bari a inuwa suka bushe a hankali, sannan muka yi ta gwada kowace a raminta, don mai aikin farko da hannu ya fere su, kowace da inda take shiga. Ƙafar da ta tsage ba ta ɗauki gyara ba. Na saro aduwa, irin wadda muke ƙota da ita, na zauna da gizago da wuƙa ina kwaikwayon ɗaya ƙafar. Na ɓata itace da yawa. Yakan dawo daga aiki ya ɗauki abin da na fere ya kara da ta asali, ya girgiza kai, in sake. Ranar da bai girgiza kai ba, muka shafa danƙo da zafinsa muka haɗa, muka ɗaure ta da igiyar kaba ko'ina kamar raƙumin da aka yi wa laftu. Da muka kwance, ta tsaya. Ya shafa mata baƙin fenti marar ƙyalli, amma allon sama ya bar shi yadda yake, ya ce ba zai zana mata furannin ƙarya ba.

Da ya je ɗauko Madam bayan ta haihu, ya gaya mata abin da ya faru tun a hanya. Da suka iso ina bakin ƙofa na yi mata barka da arziki, ba ta amsa ba, ta wuce da jaririyar a kafaɗa. Ta tsaya gaban kujerar ta bi allon da yatsa, na ga hawaye na zuba. Ta duƙa ta duba ƙafar aduwa, ta tambayi mijin wa ya yi, ya nuna ni da haɓa. Sannan ta zauna a hankali kamar mai tsoron a kayar da ita, ta tura ƙasa da ƙafa. Kujerar ta tafi ta dawo, ba kuka ba girgiɗi. Ta daɗe a haka har yarinyar ta yi barci. Can ta ɗago ta ce mini furannin nan ba ta yafe ba tukuna, kada in ɗauka ta yafe, amma yunwa take ji, in je in ɗora tukunya. Ta ƙara da cewa daga yau in ta ga na nufi wani katako na gidan nan da ruwa, ko cokalin miya ne, ni da ita ne. Ban san lokacin da na isa kicin ba. Ta ɗauki lokaci kafin ta koma amsa gaisuwata da fara'a, kuma ban ga laifinta ba. Na zauna da su har aikinsu ya ƙare suka koma da kujerarsu.

Ƙafar nan ɗaya ita ta buɗe mini hanya. Hannuna ya saba da itace, maigidan ya bar mini zarto da ƴan kayan aiki da zai tafi, yau da su nake ci da iyalina. Na gaji, baya ya fara ciwo, amma alhamdu lillahi ban ƙara yin dako ba. In aka kawo mini tsohon abu, akushi ne ko akwatin kaka ko ƙafar gado, ba na taɓa shi sai na zaunar da mai shi na tambaye shi wa ya yi, da me aka haɗa, me yake so a bari yadda yake. Wasu suna cewa na cika tambaya. Su ce.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna. Ni da zuciya ɗaya na yi, amma furannin da suka wuce shekara ɗari suna kan allon nan, a gefen rigata suka ƙare, kuma babu wanda zai mayar da su. Abin da ka iya a gidanku ba lalle ya yi a gidan wani ba, ka buɗe baki ka tambaya, tambaya ba ta rage wa namiji komai. In kuwa ka riga ka ɓata, kada ka ƙara da ƙarya, kada ka gudu. Ka tsaya a same ka kusa da ɓarnarka. Ranar tana da ɗaci, na ɗanɗana, amma wanda ya tsaya shi ake miƙa wa wuƙa a ce zo mu gyara.