Baƙin Zaren Malam Sama'ilu

Da na dawo Babura bayan shekarun da na yi ina karatun dokar kasuwanci a Malesiya, ban yi zaton abin da na koya game da rajistar tambari zai amfani kowa a nan ba. A can an koya mana cewa kayan sayarwa an kasa su rukuni-rukuni, abinci daban, magani daban, tufafi daban, kuma rajista ba ta kare alamar mutum sai a rukunin da ya zaɓa. A garinmu kuwa, mai ƙuli-ƙuli fuskarta ce tambarinta. Ina cikin wannan shakka Malam Sama'ilu Tela ya aiko a kira ni.

Mutumin Roni ne. Ya zo Babura yana saurayi, ya koyi ɗinki wurin kawunsa, ya yi suna a kaftani da wando. Shekarar da sanƙarau ya shigo yankin, shi ne telan da bai rufe shago ba, ya yi makonni ba abin da yake yankawa sai likkafani. Da cutar ta lafa, mutane suka daina kawo masa ɗinkin salla. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai tambayi kowa ba. Ya jingine keken ɗinki a bango ya rufe shi da buhu, ya zauna da almakashi da allura da bandir-bandir na alawayyo.

Tsofaffi da ƙafarsu suke zuwa, lafiyarsu lau, su ce ya yanka musu nasu su ajiye. Daga Kanya Babba ake zuwa, har daga ƙauyukan da ke tsallaken iyaka. Idan ya yanka ya ninke, sai ya ɗauki baƙin zare ya yi ɗinki uku a gefen da zai zama wajen kai, su haɗu wuri ɗaya kamar sawun tsuntsu. Ba ya ƙulla zaren. Amfaninsa shi ne masu wanka su gane ina ne kai ba sai sun warware yadin duka ba. Kafin a sa wa mamaci, sai a kama bakin zaren da yatsu biyu a zare shi, fari ya rage zalla. Duk wanda ya taɓa yi wa wani sutura a wannan yanki, hannunsa ya san wannan zare.

Shagonsa na bayan 'yan hatsi, ƙunci gare shi, ga sanyi ko da rana tsaka. Tsaransa kan tsokane shi in za su wuce.

"Sama'ilu, yau ma ba ni da aiki da kai!"

"Je ka abinka," in ji shi, ko kai bai ɗaga ba. "Ni ina da haƙuri."

Ranar da na je, na tarar da Adda Zara zaune a bakin ƙofa. Ita ce ke yi wa matan unguwarmu wanka idan sun rasu. Na durƙusa na gaishe su, sai ya ce mata ta faɗa mini abin da ta gani.

Jikanta ne, wanda ke aikin gwamnati a Dutse, ya zo gaishe ta da salla cikin farar shadda sabuwa. Ya tsuguna a gabanta. A kan aljihunsa na ƙirji akwai ɗinki uku na baƙin zare.

"Wallahi ɗan nan, ban san na miƙa hannu ba," in ji ta. "Sai ji na yi yatsuna sun kama suna ja. Ina ja, zaren ya ƙi fita. Shi kuwa yana ta dariya, wai Adda za ki yaga mini riga."

Ta ce ranar ba ta iya cin abinci ba. Tana ba ni labarin tana murza babban yatsa da manuni a kan zanenta.

Mai rigunan wani matashi ne, Musaddiƙ, asalinsa ɗan Kanya Babba amma a Legas ya tashi. Ya zo ganin kakarsa, ya ga farin yadi a ninke a ƙasan akwatinta da alamar a gefe. Ya ɗauka wani ado ne na mutanen da. Ya ɗauki hotonta a waya, ya kai aka sa wa injin surfani, ya fara buga ta a aljihun kaftanin da yake sayarwa a Kano. Kaya suka karɓu. Malam Sama'ilu ya sa an kira shi a waya ya yi masa bayani.

"Cewa ya yi, Baba, ai waɗanda ke saye ba su san haka ba. Na ce, mu mun sani, kuma nan suke zuwa salla," in ji Malam Sama'ilu.

Abin da yake so ɗaya ne, kada a ƙara ganin alamarsa a ƙirjin mai rai. An gaya masa akwai ofis a Abuja da ake rubuta alama ta zama ta mutum.

Na bincika na dawo masa da abin da na samu. Likkafani yana cikin rukunin yadi, tare da zanen gado da labule. Wannan ne rukunin sana'arsa, ba wanda zai yi masa gardama a ciki. Amma kaftani yana rukunin tufafi. Idan ya yi rajista a na yadi kaɗai, Musaddiƙ na iya cewa shi riga yake sayarwa, hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma maganar za ta iya daɗewa.

"To a rubuta ni a na tufafin."

"Baba, wanda ya nemi rukuni, ana so ya kasance yana yin kayan, ko yana da niyyar yi da gaske. In ya riƙe ya bar shi haka, wata rana ana iya karɓewa."

Ya kalli buhun da ya rufe keke.

"Wato don in hana a sa wa masu rai, sai ni ma na ɗinka wa masu rai."

"Haka take, Baba."

"Ka ji boko," ya ce wa Adda Zara. Sannan ya juyo gare ni. "To Lauya, kai da ka yi karatu a bayan teku, ai ba ka da camfi. Tashi in auna ka."

Na yi dariya na ce ina da riguna da yawa. Shi ma ya yi dariya, amma na lura idonsa ya bi ni daga kafaɗa zuwa idon sawu, sau ɗaya, a hankali.

Mun nemi rukunan biyu. Ya tambayi mutum huɗu ko biyar ko zai yi musu riga kyauta, kowa ya kawo uzuri. Wani abokinsa mai sayar da awaki ya ce gara ya je masallaci da buhu. A ƙarshe ya yaye buhun, ya zuba wa keke mai, ya ɗinka farin kaftani na alawayyo daidai jikinsa. Maƙwabtansa sun ce ƙarar keken ta sa sun fito leƙe, domin yawancinsu ba su taɓa jin ta daga wannan shago ba. Alamar da hannu ya yi ta a kan aljihu.

Ranar Juma'a ya sa rigar ya fito. Ina bayansa da 'yan taku. Mutane suna gaishe shi suna kallon fuskarsa sosai, don kada idonsu ya sauka ƙasa. A sahu, wurin da ke gefensa na dama da na hagu su suka yi jinkirin cika, sai da aka tayar da iƙama wasu baƙi biyu suka shige. A hanyar dawowa muka haɗu da Adda Zara. Ta gaishe shi hannayenta biyu a bayanta, ɗaya ya riƙe ɗaya gam.

Da ofishin ya karɓi buƙatarmu, na sanar da Musaddiƙ. Ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafe, ya ce tsofaffi sun tare masa hanyar abinci, daga baya ya sauya alama. Waɗanda ya riga ya sayar dai suna nan a jikin mutane. Lokaci-lokaci wani zai sauko daga motar Kano ranar kasuwa da ɗinki ukun a ƙirji, ya rasa dalilin da mai fura ta ajiye masa kwano a ƙasa maimakon ta miƙa masa.

Malam Sama'ilu bai ƙara sa wata riga ba. Yakan wanke ta da safe, ya zauna da 'yar shara har ta bushe, ya mayar. Masu tsokanarsa sun daina. Makon jiya na je gaishe shi, na ga wuyan rigar ya fara cinyewa. Da na matso kusa, na ga bakin baƙin zaren yana lilo a kan aljihu, ba ƙulli, iska na ɗan kaɗa shi.

Na tuna masa cewa riga ɗaya ba ta isa a ce mutum yana sana'ar tufafi ba, doka tana so a ga ana yi ana sayarwa.

"Baba, yaushe za ka yanka ta biyu?"

Ya shafa aljihun da tafin hannu, ya kwantar da zaren.

"Wannan za ta kai ni," in ji shi.