Ɗingishin Ƙurun Baba

Dokin mahaifina ba wani doki ba ne na a zo a gani. Ƙuru ne, ɗan guntu irin na duwatsu, wanda in dogon mutum ya hau shi sai ya riƙa ɗage ƙafa kada takalminsa ya ja ƙasa. Ga baƙin hali. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe da iyayena ya cije shi a kafaɗa, Baba kuwa maimakon ya ba da haƙuri sai ya ce ai doki yana ganin abin da mutum ba ya gani.

Duk da haka ba wanda ya isa ya ɗaga masa murya a gidanmu na unguwar Damilu a Yola. Shekarar da masu bindiga suka shiga garinmu a kudancin Borno, da ƙafa muka fito mu da maƙwabta, kwana huɗu cikin daji. Shi ya ɗauki mahaifiyata mai ciwon gwiwa. In ta sauka a ɗora mai ciki, in mai ciki ta sauka a jera masa yara uku. Da muka sami babbar mota direba ya ce ba ya ɗaukar dabba, sai Baba ya tura mu ciki, shi ya biyo mu a ƙasa da dokinsa. Sun iso Yola bayan mun fara fid da rai. Da Inna ta rasu, shimfiɗar Baba ta koma gindin darbejiyar da ke kusa da turke, nan yake wuni yana hira da shi. Duk gidan mun san ranar da ƙurun nan ya kwanta bai tashi ba, da wuya Baba ya daɗe a bayansa.

Ƙarshen wata damina ya fara ɗingishi. Abin haushin shi ne ba a san da wace ƙafa ba. Da safe sai ka rantse ta hagu ce, kafin azahar ya koma ɗaga ta dama. In ya tsaya sai ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina da baya, kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita. Ba kumburi, ba rauni, ba ƙaya. Baba ya duba kofaton nan har da tabarau.

Wanda ya fara zuwa wani dattijon Bafulatani ne daga unguwar Yolde Pate, abokin sallar Juma'ar Baba, muna ce masa Baffa. Ya zagaya dokin sau biyu, ya ce jini ne ya kwanta a kafaɗar hagu, a kawo wuta ya yi masa sakiya. Da Baba ya ga ƙarfe ya yi ja, sai ya tuna wai ranar ba ta da kyau da taɓa dabba. Baffa ya dawo washegari, ranar ma ba ta yi kyau ba.

Sai aka ɗauko mai ɗori daga unguwar Makama. Shi kuma ya ce targaɗe ne a ƙafar dama, wanda ya ce hagu bai san doki ba. Ya ɗaure ƙafar da kara da tsumma, sannan ya sa aka kamo zakara ya ɗaure masa tasa ƙafar, ya ce ranar da zakara ya miƙe doki ma zai miƙe. Zakaran da tun farko lafiyarsa ƙalau ya tsige tsumman tun kafin la'asar ya haye katanga. Doki kuwa ya cinye karan ɗorin, ya ci gaba da ɗingishinsa.

Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune da mu, ta ce duk ɓata lokaci ake yi, kambun baka ne, mutane sun cika yabon ƙibarsa. Ta karɓo rubutu. Da ya ƙi sha ta dama masa shi cikin kunun gyaɗa da sukari, ya shanye har yana lasar ƙwaryar. Goggo ta ce to kun gani, jikinsa ya karɓi magani.

Mijina ne kaɗai ya ce tsufa ne. Da ya tsaya a nan da ba komai, amma sai ya ƙara da cewa akwai masu sayen tsofaffin dawaki da jakuna suna lodinsu zuwa kudu. A gaban Baba ya faɗa. Baba ya ture kwanon abincinsa, ranar bai ƙara cin komai ba. Ni na yi maganar a madadinsa da muka koma ɗaki, har na tuna wa mijina cewa dokin ya riga kowa gane shi.

Labari kuwa ya bazu cikin mutanen garinmu da suka warwatsu a Yola da Jimeta cewa ƙuru ba lafiya. Da ma tun zuwanmu, duk wanda ya zo gaishe da Baba sai ya ƙarasa turke, don kusan kowane gida akwai wanda ya hau bayansa a dajin nan. Yanzu abin ya zama dubiya sosai, mu kuwa ba a san mu da zuwa dubiya hannu rabbana ba. Wannan ta zo da kwanon dawa, wancan da dusa, wani da rake a fere. Matar da ya ɗauka da ciki takan zo da ɗanwake, ta tsuguna ta ce masa sannu da jiki. Shi kuma majinyacin, ƙafa ce dai ba ta aiki, baki kam lafiya lau. Kullum ciwo na ƙaruwa, kullum 'yan dubiya na ƙaruwa, har ya fara wuni a kwance.

Ranar da na ga Baba ya ɗora kan dokin a cinyarsa yana kore masa ƙuda, tsoro ya kama ni ƙwarai. Na kai kukana wajen wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa, ta turo mini ƙanwarta likitar dabbobi, 'yar wajen Numan, wadda Hausarta ba ta gama nuna ba. Da Baba ya ga yarinya ce da wando da takalmin roba, sai ya tambaye ni a hankali ko babban likitan yana tafe.

Ba ta ko fara da ƙafar ba. Wuyan dokin ta matsa, wanda ya yi tozo kamar na bijimi. Ta sa aka ja shi a kan yashi, ya ɗan taka, aka ja shi a kan siminti, ya ƙi. Ta kama hannun Baba ta ɗora a kan kofaton gaba, ɗaya bayan ɗaya. Dukansu zafi rau.

"Baba, ba ƙafa ɗaya ba ne, duka biyu ne," in ji ta. "Mene ne yana ci?"

Baba ya ce ɗan hatsi ne safe da yamma, sai harawa. Ta dube mu. Goggo ta ce ita dai kunu ne kawai, shi ma na magani. Ta ci gaba da dubanmu. Ni da nake ta hura hanci ina ganin na fi kowa wayewa a gidan, dole na faɗi cewa kullum in na taso daga makaranta nakan sayo masa mangwaro, in ba lokacinsa ba ayaba, saboda Inna. Sai ga mijina yana sosa ƙeya, ashe shi ma ya daɗe yana ba shi ƙosai a ɓoye don su shirya. Likita ta leƙa ɗakin da muke tara kayan dubiya, ta fito tana dariya har da riƙe bango.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Dokin dutse an halicce shi ne ya yi ta yawo yana tsintar busasshiyar ciyawa. In ya tsufa a ɗaure ana ɗura masa hatsi da zaƙi, naman da ke cikin kofato ne yake kumbura, ga shi ba wurin da zai buɗe, shi ya sa yake sauya ƙafa yana neman sauƙi. Ta ba da maganin zafi, ta datse masa kofato, ta ce a zuba masa yashin kogi mai laushi a turke, a riƙa tsoma ƙafafun a ruwan sanyi. Abinci kuwa busasshiyar ciyawa kaɗai, ita ma a jiƙa ta tukuna. Ba hatsi, ba kunu, ba ƙosai.

Baba ya ce ba zai yiwu ba. A nan muka ji abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. A hanyarsu ta zuwa Yola, ranar da dokin ya durƙusa don yunwa, ya riƙe kansa ya rantse da Allah cewa in sun isa, muddin yana raye, dokin nan ba zai ƙara neman hatsi a hana shi ba.

"Baba, yi haƙuri," in ji likita, ta daina dariyar. "In kin ci gaba da ba shi, ba zai kai rani ba."

Ba wanda ya kula da "kin" ɗin, har Baba.

Da aka kai zancen rantsuwar wajen limamin unguwarmu, ya ce abin mai sauƙi ne, kaffara ce, a ciyar da miskinai goma. Kayan dubiyar nan suka isa har da saura. Sai Baba ya ce shi zai ƙara da azumin kwana uku. Liman ya ce babu buƙata. Na yi faɗa na kawo zancen shekarunsa da maganin hawan jini, ya ce ba zai zauna ya ƙoshi a gaban mai jin yunwa ba. Ni aka ɗora wa tsaron ƙofa, ina karɓe kwanonin 'yan dubiya, har wasu suka yi fushi da ni suna cewa boko ya cire mini imani.

Dokin ya sami sauƙi a hankali, ya ƙara shekara biyu a duniya yana takawa da ƙafarsa. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin azumi na uku. Na kai wa Baba dabino da ruwa gindin darbejiya. Da aka kira salla ya ɗauki dabino ɗaya, sai dokin ya miƙo wuya yana ɗan gurnanin da ya saba yi masa. Hannun Baba ya tafi da kansa, har leɓen dokin ya taɓa yatsunsa, sannan ya dunƙule hannun ya janye. Ya juya masa baya ya sa dabinon a baki, ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa. Dokin na ta zungurar kafaɗarsa da hanci, Baba bai waiwaya ba.