Sheƙar da Ke Kan Ɗorawar Mama Ladi

Har yau ranar da muka tsaya a gonar Mama Ladi ba ta fita daga raina ba, kuma ku sababbin jagorori ya kamata ku ji ta. Lokacin ina ƙaramin jagora a kamfaninmu na kai baƙi kallon tsuntsaye. Ƙa'idar aiki ita ce ƙarami ya hango tsuntsu, babba ya faɗi sunansa. Babbanmu kuwa Oga Danjuma ne, mutumin da madubin hangen nesa ke rataye a wuyansa kamar sarƙar biki, don ado kawai.

Gab da faɗuwar damina muka kai wasu baƙi wajen Vom. A can, a kan ɗorawar Mama Ladi, wata mai kiwon kaji, akwai sheƙar ci-ƙadangaru, kuma ita muke zuwa nuna wa mutane. Tsuntsun yana kama da ƙaramin shahon nan mai ɗaukar 'yan tsaki, dukansu toka-toka ne masu zane a ƙirji. Amma ci-ƙadangaru ƙafarsa ja ce, da baƙin layi a farin maƙogwaronsa, kuma da wuya ya kula kaza. Ɓarawon tsaki ƙafarsa rawaya ce, ba shi da layin.

Mama Ladi ta fito tana share hannu da zani.

"Oga, ku da kun san tsuntsu, wannan ne yana gama mini da 'yan kaji?"

Oga bai ko taɓa madubinsa ba. Ya ɗaga kai, rana na dukan idonsa, ya ce, "Shi ne, Mama. Hawk ne, confirm."

Na matsa kusa da shi na ce, "Oga, akwai layi a wuyansa fa."

"Ni za ka koya wa aiki a gaban baƙi? Je ka ɗauko ruwa a mota."

Na tafi raina a ɓace. Kafin in dawo Mama ta shige gida, Oga kuma ya tasa baƙi gaba yana ta zuba.

Bayan 'yan kwanaki da muka koma da wasu baƙin, ba sheƙa. Mama ta sa an zunguro ta da gora, ɓawon ƙwai na nan a ƙasa. Ta tare mu da damuwa: 'yan tsaki dai ba su fasa ɓacewa ba. Tana cikin magana ainihin ɓarawon ya gifta ta bayan akurki, ƙafafunsa rawaya.

Kun san abin da Oga ya yi? Ya juya wajen baƙi ya girgiza kai, ya ce da Turanci wai mutanen ƙauye ba su san darajar tsuntsu ba. Ko kunya babu, a gaban matar da ta bi maganarsa.

Abin da na koya ke nan: baƙo in ka yi masa kuskuren sunan tsuntsu, hoto kawai zai ɗauka ya tafi, amma mai kaji gora za ta ɗauko. Ku ɗaga madubi ku duba ƙafa da wuya, in ba ku gani ba ku ce ba ku sani ba. Ci-ƙadangarun bai sake yin sheƙa a ɗorawar nan ba. Oga kuwa har ya yi ritaya madubinsa sabo fil.