Baba Wan-Sakan a Kan Bencin Jira

Har gobe, in aka ambaci Baba Wan-Sakan a layinmu, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da ya kulle mai gyaran agogo a ofis.

Baba masinja ne a wani kamfanin sayar da kayan gini. Aikinsa zama a kujerar roba a ƙofar manaja, ya shigar da wanda za a gani, ya lallaɓa wanda ba za a gani ba. Ran nan aka kira mai gyara ya duba agogon bangon manaja da ya tsaya. Mutumin ya zo da 'yar jakarsa, Baba ya nuna masa kujera a lungun ɗakin jira, ya ɗaga yatsa ya ce masa, "Wan sakan." Manaja kuwa ya sulale ta ƙofar baya. Ranar rabin aiki ce, saboda haka da rana ta take Baba ya kashe fanka, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya kama hanyar gida. Mai gyara yana can bayan kabad yana gyangyaɗi. Sai da rana ta yi sanyi maigadi ya ji ana dukan taga. Da aka buɗe, mutumin ya ce ba yunwar ce ta fi ƙona masa rai ba, agogon ɗakin jiran ne, wanda lafiyarsa ƙalau, ya wuni yana kallonsa.

Daga nan sunan ya bi Baba, shi kuma bai taɓa jin haushi ba. Ya ce ai sana'a ce aka kira shi da ita.

Turancin Baba bai kai a cika cokali ba, amma duk kalmomin da ya sani na ɗan gajeren lokaci ne. A bakin manajansa na farko ya tsince su, ya wanke, ya jera. Kowace kalma da ranarta. In ya ce maka "wan sakan", wato daƙiƙa ɗaya, to manaja na ciki yana waya. "Jos e minit" ta fi ta tsawo kaɗan: ana cin abinci, ko an ɗan kishingiɗa. Akwai "in e jifi", wadda shi kansa ya ce bai san mene ne jifi ba, amma tana da daɗin fita a baki. Wannan ta lokacin da manaja ya fita ce amma motarsa na nan. In motar ma ba ta nan, sai ka ji "eni moment nau", wai ko yanzu yana iya shigowa. Babbar yayarsu ita ce "in no taim", wadda ke nufin ba za a ma ɗauki lokaci ba. Duk wanda Baba ya gaya wa wannan, manaja ya yi tafiya ke nan.

Mun sha tambayarsa me ya hana shi faɗa da Hausa. Sai ya ce in ka ce wa mutum "yanzu", zai riƙe ka da ita, ya dawo ya ce ina yanzun. Amma Turanci yana sanye da kwat, ba a kama shi a wuya. Kuma a cewarsa shi taimako yake yi, don jira magani ne mai ɗaci, ba a ɗura wa mutum kwalba guda, a cokali ake ba shi.

Matsalar ita ce yana tahowa da kwalbar gida. Matarsa, wadda duk layi ke kira Mama Tela saboda keken ɗinkinta na ƙafa, ta haddace jerin nan tsaf. Ƙofar bayi da ta ɓalle tana "jos e minit" tun 'yarsu tana goye, ga shi har ta yi aure. Da Mama ta fara cewa ƙirjinta na yi mata nauyi kamar an ɗora mata bulo, in ta taka keke numfashinta na yankewa, Baba ya ce zai kai ta asibiti in e jifi, da zarar manaja ya ba shi rana. Ba mugunta ba ce. Tsoron asibiti yake yi, yana kuma tsoron abin da za a ce. Watanni suka yi ta wucewa a cikin jifin nan.

Wata safiya muka ji ƙarar faɗuwa ta bango, don ɗakinmu na jikin nasu. Mama ce ta zame daga kan kujerar keke, zare a hannunta, leɓɓanta sun yi duhu. Baba na tsaye da takalmi ƙafa ɗaya, ya shirya tafiya aiki, yana ta kiran ta "Maman yara, Maman yara" kamar wadda ta yi nisa. Muka tare tasi, na bi su.

A babban asibiti aka nuna mana wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Bencin ƙarfe a jikin bango, mutane a jere, fanka ɗaya tana juyi kamar an tilasta mata. A ƙarshe akwai ƙofa mai gilashin da ba a ganin ciki, a gabanta wata ma'aikaciya mai shuɗiyar riga, hannunta a kan mariƙi. Muka zaunar da Mama, ta jingina da kafaɗata. Baba ya je ya yi bayani, yana nuno ta da hannu.

Matar ta leƙo, ta ɗaga yatsa ta ce, "Wan sakan, Baba."

Ya dawo ya zauna a bakin benci, ba da dukkan jikinsa ba. Can ya raɗa mini cewa matar nan ba ta waiga ba. Na ce waiga ina? Ya ce duk mai tsaron ƙofar da maigidansa ke ciki, kafin ya buɗe baki sai idonsa ya ɗan taɓa ƙofar. Ita kuwa ko kallon ta ba ta yi ba.

Na ce ya daina zargi. Ya shiga murza hularsa a kan gwiwa har ta koma kamar tsumma. Numfashin Mama ya fara fita da wani ɗan sauti, kamar keken da ba a sa wa mai ba. Babu wanda ya shiga ƙofar nan, babu wanda ya fito. Baba ya sake tashi. Wannan karon aka ce masa jos e minit.

Mama ta buɗe ido da ƙyar, ta jawo bakin rigarsa. "Malam," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "wannan wacce ce? Ta cin abinci ce, ko ta tafiya?"

Ya so ya yi dariya don ya faranta mata, fuskar ta ƙi. Ya kama hannunta ya ji ya yi sanyi, ya shiga hura masa iska da baki kamar mai tada garwashi. Ya ce da ni ko in je in nemo wani, ko a'a in zauna kada ta faɗi, ko dai in je. Ya tare wani mai tura gado, aka ce ba sashensa ba ne. Ya bi wata mai farar riga har kusurwar baranda, ta shige ta bar shi da ƙofa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zaunar da jama'a, ran nan benci ya gagare shi.

Da ya koma karo na gaba, matar ta gyara tsayuwa, ta ce masa cikin murya mai laushi, irin wadda shi ma ya ƙware a kai, "Eni moment nau."

Sai na ga Baba ya durƙusa a gabanta, tsofai-tsofai da shi, a tsakiyar baranda, mutane na kallo.

"'Yata," ya ce, "ni ma aikina ke nan. Ƙofa nake tsaro tun ba a haife ki ba. Na san wannan, ta wanda motarsa ba ta nan ce. Ba zan yi miki faɗa ba, ba zan kai ƙararki ba. Ki dubi Allah ki faɗa mini da Hausa."

Matar ta dube shi, ta dubi Mama, ta saki mariƙin ƙofa. Ta sunkuyo ta ce likitan wannan ɗaki tun safe aka kira shi tiyata, ba ta san lokacin fitowarsa ba, an dai ce ta riƙe mutane kada a yi hayaniya. Ta ce akwai wata likita a ginin baya, bayan an tsallake fili, a hawa na sama, amma kujerun tura marasa lafiya duk an fita da su.

Baba bai tsaya godiya ba. Mutumin da a iya sanina bai taɓa ɗaukar abin da ya fi farantin shayin manaja nauyi ba, ya juya wa Mama baya ya ce in ɗora masa ita. Ya goya ta. Muka fita fili, rana na dukanmu, takalminsa ɗaya ya cire ya bar shi a nan. Ina riƙe da bayanta. A tsakiyar fili Mama ta tambaya a kunnensa ko an kusa.

Na ji ya fara, "In e ji..." sai ya haɗiye sauran. Ya ja numfashi ya ce, "Ba a kusa ba, Maman yara. Da sauran fili, sannan akwai bene. Ki riƙe ni da kyau."

Ta riƙe shi. Yadda ya hau benen nan, ni dai ban sani ba. Na san a matakalar ƙarshe da gwiwa ya ƙarasa. Likitar na ganin leɓɓan Mama ta miƙe, aka karɓe ta, aka rufe ƙofa. Babu wanda ya ce mana sakan, babu wanda ya ce minti. Baba ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana ta maimaita cewa shi ne ya ce mata jifi, shi ne ya ce mata jifi.

Mama ta tashi. Zuciya ce, in ji likita, kuma jinkirin watannin nan ya riga ya yi ɓarnarsa. Ta dawo gida tana tafiya a hankali, an hana ta taka keke har abada. Yanzu keken na lulluɓe da zane, a kansa take jera magungunanta. Ƙofar bayi kuwa, a makon da aka sallame ta Baba ya gyara ta da hannunsa, a karkace, amma tana rufuwa.

A ofis ma abin ya taɓa shi. In manaja ba ya nan, sai ya ce ba ya nan, a je a dawo. Manaja har ya yi ƙorafi wai ɗakin jira ya zama kango, baƙi za su ɗauka kamfanin ba ya ciniki. Baba ya ce masa jos e minit, zai duba lamarin.

Sunan dai bai sake shi ba. Kwanan baya a shagon aski, an lulluɓe shi da ƙyalle, an shafe masa rabin fuska da kumfa, sai mai aski ya tsaya ya ce, "Baba, tsakani da Allah, mai gyaran agogon nan, sakan nawa ya yi a ɗakin nan?"

Baba ya dube shi ta madubi. "Ɗaya tak ya yi, ɗana, ban yi masa ƙarya ba. Ku ne ba ku taɓa shiga cikin sakan ɗaya ba, shi ya sa ba ku san girmansa ba. Ni na shiga. Har benci akwai a ciki."