Kaset ɗin gogen Kawu Ɗanjuma

Ana sanar da jama'a cewa yau na wanke kan tsohuwar rakodata. Aikin ya tuna mini da Guangzhou, wajen 1998.

A can wata rakoda ta tauna mini kaset ɗin gogen Kawu Ɗanjuma, wanda na ɗauka da kaina a tsakar gidanmu. Kawu ya rasu, kuma babu wani kwafi.

Na kai wa wani tsohon Basine mai gyara a kasuwar Zhanxi, wanda ake kira laoban, wato mai shago. Ya ɗauko reza ya yanke inda zaren kaset ɗin ya lalace. Ina tsaye a kansa ina gumi har ya haɗa zaren ya kunna. Kafin goge ya shigo, sai muryar Inna tana korar awaki.

Na ce wa tafintana, Alhaji Tanko ɗan Kumasi, "Ce wa laoban ya yanke surutun nan."

Tanko ya faɗa masa, ya juyo gare ni. "Wai muryar wace ce?"

"Mahaifiyata."

"To, ya ce ka je ka yanke da kanka."

Na fito ina kiran tsohon malalaci. Yau wannan korar awakin ce kaɗai muryar Inna da ta rage mana.

Ku muryar wa kuka ajiye? Ni dai na yarda, tsohon ya fi ni gaskiya.