Malam Ɗantala da Gefen Kwalta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Ɗantala, tsohon malamin firamare, a gidansa da ke Yolar Karaye, bayan gajeriyar jinya. Ina ƙofar shagona na ɗinki ina ba keke iska don in je duba shi, sai ga wayar ɗansa Suhaibu. Na ajiye famfon, na zauna a ƙasa. An yi jana'iza bayan azahar, kuma ni ne na ƙarshen barin maƙabarta. Ba wai na fi kowa imani ba ne, ban dai saba hawa keke a wannan hanya ni kaɗai ba.

Malam, tun gashinmu yana baƙi muke jerawa a hanyar Karaye zuwa Rogo, ni da ƙunshin ɗinkina, kai da tsohon kekenka mai kukan da ake ji tun daga nesa. Ban taɓa ganin mai jinkirin tafiya irinka ba. Mai jaki ma yakan wuce mu, saboda ba ka iya gifta mutum ba ka sauka ka tambayi iyali da gona da gajiya. Na sha yi maka mita, kai kuma ka ce, "Salisu, kasuwar ba za ta tashi ta gudu ba." Yau ga ni ina isa Rogo da wuri, ban kuma san abin da zan yi da lokacin ba.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san halinmu da kaka. Da zarar an cire gyaɗa, an karya masara, sai gefen kwalta ya zama wurin shanya, don ya fi ko'ina zafi da tsabta. Mai shanya kuma yakan jera duwatsu da kututture don kada a taka masa. Ba mugunta ba ce, haka muka taso muka gani. Sai dai wannan 'yar siririyar hanya ita ce kaɗai rabon mai keke. Idan ta toshe, dole ya faɗa tsakiyar titi, inda motocin hatsi ke gudu ba sa kallon kowa.

Haka ta faru da Hammawa, Bafulatanin da ke kai nono kasuwa a kan keke. Ya kauce wa duwatsun shanya, mota ta taho ta bayansa. Mu biyu muka fara isa wurin, nono ya malale a kan gyaɗa. Hammawa ya rayu, amma ƙafarsa ɗaya ba ta dawo ba. Ni na tsaya ina zagin mai gyaɗar har muryata ta dishe. Kai kuwa ka cire rawaninka ka ɗaure ƙafar. Sai da muka dawo daga asibiti ka ce da ni, "Wanda ya baza gyaɗar nan ba shi da inda zai baza ta. Wurin za mu nema masa."

Daga ranar ka ɗauki wani aiki da babu wanda ya sa ka. Ka tara masu keke, masu kai itace da masu nono da malaman makaranta, kuka riƙa zama ƙarƙashin ɗorawa bayan sallar Juma'a. Ka bi dagatai da masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya kana roƙon fako a bayan gari. Inda aka ba ka, sai a kira gayya a share, matarka Hajo ta jagoranci mata su yi daɓe, wuri ya yi sumul ya fi kwalta daɗin shanya. Ka yi ta zarya sakatariyar ƙaramar hukuma har masu gadi suka haddace kukan kekenka, sai da aka cike ramukan gefen hanya da marmara, aka yi tudun rage gudu a bakin makarantu. Ranar da aka zuba marmarar farko, ka hau ka sauka, ka sake hawa, kana dariya kai kaɗai kamar wanda aka yi wa sabon keke.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kake yi da mai shanya. Ba ka taɓa ce wa kowa ya kwashe kayansa ba. Za ka jingine keke, ka yi doguwar gaisuwa, ka ɗebi gyaɗar ka ɓare ka yaba, ka tambayi irin da aka shuka. Daga nan sai ka tsuguna ka fara tarawa da hannunka, ka ce rana ta fi kyau a fako, bari ka taya shi kaiwa. Wa zai tsaya yana kallon malamin da ya koyar da 'ya'yansa a tsugune gaban gyaɗarsa? Kunya kaɗai ta isa. Ni aikina riƙe bakin buhu, don ka hana ni magana. Ka ce bakina yana da kyau a kan ɗinki, amma ba a kan mutane ba. Kowace kaka sai an sake wannan zagaye, domin mutum yana mantuwa, fako kuma ya fi titi nisa.

Ga kaka ta zo, Malam, ka tafi a tsakiyarta. Kwanakin zaman makoki na zauna a gefen tabarma cikin masu zuwa gaisuwa. Kowa ya shigo ya nufi 'yan'uwanka da 'ya'yanka, haka kuma ya dace. Aboki ba ya cikin masu karɓar gaisuwa. Ni ma na miƙa wa Suhaibu hannu na ce ya haƙuri, na koma na zauna da nawa a ciki.

Bayan an tashi daga zaman na fita Rogo da ɗinki. Kusa da hanyar da ke shiga Zoza na tarar da gyaɗa shimfiɗe a gefen kwalta, an jera mata duwatsu. Raina ya ɓaci, maganganu suka taru a bakina. Na sauka, na rasa yadda ake farawa, sai kawai na yi sallama na tambayi iyali. Mai gyaɗar, wani dattijo da ake kira Audu, ya amsa yana leƙen bayana. Ya ce, "Yau kai kaɗai? Ina Malam?"

Ashe bai ji ba. Na gaya masa. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri, Malam Salisu? Ai kai aka yi wa mutuwa." A nan ne hawayen da na riƙe a maƙabarta suka zubo, a bakin titi, motoci suna wucewa. Ya tsuguna ya fara ɗauke duwatsun. Na tsuguna na tara gyaɗar da hannuna. Da muka zo zubawa muka rasa mai riƙe bakin buhu, sai da muka jingina shi da kekena.

Allah ya jiƙanka, Malam Ɗantala, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk wanda ya isa gida lafiya a kan keke ya zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajo, da Suhaibu da ƙannensa, da Hammawa wanda ya zo jana'iza yana dogara sanda, da jama'ar Karaye da Rogo baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Akwai sauran shanya a gaba, ta wajen Beli, kuma ban iya abin da ka iya ba. Zan dai je in tsuguna.